Awa 14 a jaka ɗaya

Talata, da dare.

Yau wuni na yi da waya a hannu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Jakunkunan da na saƙa da kwarashi na ɗora a Instagram shekaranjiya sun sha yabo, har na gaji da amsa "na gode". Mutum tara suka tambayi kuɗi. Takwas suka ce za su waiwaye ni, kuma duk mai sana'a ta san inda wannan maganar take ƙarewa.

Ta taran ce ta tsaya min a rai. Ta taya shuɗiyar jakar nan rabin kuɗinta, wai ta ga irinta a kanti da araha. Na ce, "Anti, albarka." Sai ta ce ai zare ne kawai. Na rubuta mata amsa mai tsawo, na goge, na sake rubutawa. Abin da na so ta gane shi ne, saƙar allura biyu tana da inji tun 1589, lokacin da William Lee ya ƙera nasa a Ingila, amma saƙar kwarashi har yau hannu ke yin ta, ɗauri bayan ɗauri. Idan ta ga ta kwarashi da araha a kanti, to akwai wata can da ta zauna ta saƙa, aka biya ta abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshe ban tura ba. Matar ba ta yi min laifi ba, aljihunta ne ya yi magana, kuma ni ma da ina matsayinta jaka ce farkon abin da zan soke a lissafi.

Da la'asar na ɗauko littafin ciniki, abin da na daɗe ina gudu. Awa 14 jakar ta ci. Da na cire kuɗin zare, zif, shafi da aike, abin da ya rage wa kowace awa sai da ya ba ni kunya. Zaren roban da muke kira ulu daga man fetur ake samo shi, don haka duk abin da ya taɓa mai sai ya iso kwandona. Na auduga kuwa, a 2022 farashin auduga a kasuwar duniya ya kai inda bai kai ba tun 2011. Ni kuma duk tsawon lokacin nan tsoron korar masu saye ya hana ni ƙara ko kaɗan.

Ƙanwata ce ta leƙo littafin ta ce, "Yaya, ba ki lura ba? Duk abin da ya fita watan nan ƙarami ne." Na duba, haka ne: hulunan jarirai, safa, maƙalin makulli. Haihuwa ba ta jiran tattalin arziki ya gyaru, kuma mai zuwa barka ba ta son zuwa hannu rabbana.

Na zazzage buhun guntayen zaren da na kusa zubarwa, na ware su launi-launi. Kafin magariba na gama hula biyu. Wata tsohuwar mai sayen kayana kuma ta turo hoton jakar da na saƙa mata shekara uku da suka wuce, hannun ya tsinke, tana tambaya ko ina gyara. Ban taɓa yi ba, amma na ce ta kawo gobe.

Shuɗiyar jakar na mayar da ita leda, kuɗinta na nan yadda yake. Wuyan hannuna na zogi.