Aikin sola a tsallaken ruwa

Waɗanda muka yi aiki tare a reshen Legas na kamfaninmu mai sayar da fitilun sola a kan biyan wata-wata sun san yadda aka raba yankuna: wannan Agege, wancan Mile 12, wani Ikorodu. Ni aka ba ni tsallaken ruwa, wato ƙauyukan ƙaramar hukumar Amuwo-Odofin da mota ba ta zuwa, irin su Sagbokoji, Igbologun, Ibeshe da Ilashe. Har dariya aka yi a ofis, wai an jefa ɗan Katsina a ruwa. Yanzu da zan miƙa katin aiki, bari in faɗi abin da na gani, tunda a taron mako ba a taɓa barina na kai aya ba.

Ƙauyen da na fi zama ɗan ƙarami ne, a kan siririn yashin da ya raba mashigin ruwan Badagry da tekun Atlantika. Daga tashar Liverpool a Apapa ake shiga kwale-kwale mai inji, a ratsa gefen manyan jiragen kaya na tashar Tin Can, a bi ta Snake Island, sai hayaniya ta ɗauke, itatuwan kwakwa su fara. Idan ka sauka ta ɓangaren mashigi, ɗan tattaki kaɗan za ka ji rugugin teku a gabanka. Maza masunta ne, yawancinsu 'yan ƙabilar Egun, mata kuma na bandar kifi tun asuba. Ruwan rijiya da gishiri-gishiri, don haka na sha a leda ake shigo da shi daga gari, ya fi na Agege tsada. A bakin teku akwai gidajen hutu na masu kuɗi, janareto na ruri duk ƙarshen mako, amma bayan katanga duhu ne.

Masu gadin gidajen nan mutanenmu ne, Sakkwatawa da Kabawa da 'yan Nijar. Dattijonsu, wanda ke jan salla a ɗan masallacinsu na langa-langa, shi ya fara tare ni da na sauke kwalaye. Ya ce, "Ɗana, mayar da kayanka. A nan da Baale, wato mai gari, ake farawa, sai matan banda, sannan kaya." Shi ya kai ni gaban mai garin, ya yi mini tafinta da Yarabancinsa na shekara da shekaru.

Matsalata ba ta tsibiri ba ce, ta Oga ce. Kuma abin haushi ɗan gida ne, da Hausa muke magana. Har na bar aikin nan bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba, amma adadin da ya yanka mini a wata daidai yake da na mai yawo a babur cikin Agege.

Kun san fom ɗinmu: suna, hoto, lambar waya, lambar NIN, da alamar inda gida yake a taswira. A tudu wannan ba komai ba ne. A can da na fito da waya zan ɗauki hoton gida sai fuska ta canza. Dalili kuwa, a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mutanen Tarkwa Bay da na wasu ƙauyukan da ke kusa, bisa zargin fasa bututun mai, dubban mutane suka kwashi katifu zuwa jirage. Babu wanda bai san wani da abin ya shafa ba. Baƙo mai rubuta sunaye da ɗaukar hoton gidaje, a wurinsu ba mai sayar da fitila ba ne. Na yi wa Oga wannan bayani, ya ce, "Malam, ko dai ba su da kuɗi, ko kai ne ba ka iya magana ba. Zaɓi ɗaya."

Sai batun biya. Na'urarmu tana kulle kanta idan wata ya cika ba a biya ba. Masunci kuwa ba ɗan albashi ba ne. A Yuni da Yuli ruwa na zuba, teku ya yi fushi, a daɗe ba a fita ba, kuma a lokacin ne hadari ke hana batir cika. Mutum bai samu wutar kirki ba, kuma an kulle masa. Na kawo shawara a bi ta adashen matan banda, su riƙa tarawa lokacin kamu, su rufe wa juna lokacin rashi. Oga ya ce kamfani ba gidan adashe ba ne. Na yi shiru, na ci gaba da yi a littafi, da yardar uwar adashe.

A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, a garin da babu banki kuma sabis sai an fita bakin ruwa. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin jirgi ya tashi, alawus ɗina na nan inda yake. Wata rana aiki ya kai ni magariba, kuma doka ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, sai na kwana wurin masu gadi. Washegari na tarar da takardar tuhuma, wai na ƙi zuwa taron safe ba tare da izini ba. Na ce, "Yallabai, da iyo zan zo?" Wannan maganar ta ci mini kamasho na watan.

Tsadar man da ta kusa karya ni ita ta buɗe kasuwar. Masu ƙaramin janareto suka kasa ciyar da shi, mutane suka fara nemana har masallaci. Waɗanda ke cikin littafin adashe su suka fara saye, su suka tsaya wa maƙwabtansu, kuma da wuya ka ga an kulle wa ɗayansu. Yankin da ake yi wa dariya ya hau saman allo. Rahoton da ya tafi hedikwata na gan shi da idona: "sabon tsarin biyan rukuni", da sunan Oga a ƙasa. Ba a jima ba aka ce yankin ya girma, yana buƙatar gogaggen mutum, ni kuma a mayar da ni sito ina ƙirga kwalaye. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk shawarar da ka kai wa na sama, ka tura ta a rubuce, ka ajiye kwafi. Iskar teku na cin ƙarfe, ka shafa wa kusoshi giris, ka daina yarda da waɗanda ke zuwa cikin kwali. Rigar kariya ka sa ta ko direba ya ce ba nisa. Lokacin kainuwa ka ƙara lokaci a lissafinka, tana naɗe farfelar inji. Ka koyi gaisuwa da Yarabanci da Egun kafin ka koyi farashi.

Ga wanda aka ba yankin: littafin adashe ba ya cikin kwamfutar ofis, don ba a taɓa amincewa da shi ba balle a shigar. Yana hannun uwar adashe, kuma ba za ta nuna maka ba sai Baba liman ya kai ka da kansa. Ka tafi masa da goro, fari ya fi so.