Kwana ɗaya a gungu, tsakanin Yauri da Borgu

Da hantsi muka tashi daga bakin ruwan Yelwan Yauri, cikin jirgin katako mai inji, mu goma sha ɗaya da buhunan albasa da babur guda. Bikin ɗiyar ƙanen mahaifina zan je, a wani ƙauye ta ɓangaren Borgu. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe kogin Kwara har ba a hango ɗaya gaɓar. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya faɗaɗa daga nan zuwa kudu, ya cinye gungaye da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, aka mai da mutanensu tudu.

Bayan azahar inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Direba ya ja igiya har gumi ya keto masa cikin wannan sanyi, shiru. Da gora aka tura mu zuwa wani ɗan gungu mai yashi da ciyawa, babu gida babu bukka, waya kuma babu sabis. Dab da la'asar wani mai ƙaramin kwalekwale ya ɗauki direban zuwa neman makaniki, ya ce mu sa ran gobe.

Guzurinmu gaba ɗaya bai wuce garin kwaki mudu ɗaya da ƙuli-ƙuli ba, ga yara uku a cikinmu. Wata baiwar Allah ta fara share hawaye da gefen mayafi. Sai wani dattijo, Basarke, wato ɗan ƙabilar Sarkawa masunta, wanda tun tasowarmu bai ce uffan ba, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Hajiya, daina kuka. A kan abinci muke zaune."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, zazzage aljihunka." Na fito da makullai da fil guda biyu da ke maƙale a jakata. Ya karɓi fil ɗin da zoben makullin, ya maido mini da makullaina a tafin hannu. Daga akwatin direba ya ɗauko filaya da wani mataccen fulogi. Na tsuguna kusa da shi ina kallo. Ya warware zoben, ya miƙar da wayar, ya goga bakinta a jikin dutse har ta yi tsini, sannan ya lanƙwasa ta a kan ƙusa, ɗaya bakin kuma ya murɗa shi ya zama 'yar kafa ta ɗaura zare. Cikin ɗan lokaci ga ƙugiya huɗu a kan gwiwarsa.

Zaren ne ya fi cin lokaci. Ya farke bakin wani tsohon buhu, ya zaro silin robar ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa uku-uku yana murzawa a cinyarsa kamar mai tufkar igiya. Ya ba ni na ja da ƙarfina, bai tsinke ba. Fulogin ya zama nauyin da zai kai ƙugiya ƙasa. Wani tsinkakken silifas da ruwa ya watso gaɓa, shi ya yayyanka ƙanana ya ɗaura a sama, don in kifi ya taɓa a gani. Yara kuwa ya tura su tonon tana a inda laka take da danshi.

"Baba, ƙugiyar nan ba ta da ƙayar da ke riƙe kifi, ba zai zame ba?" na tambaye shi.

"Zai zame in ka sassauta. In ya ja, kada ka fizga, kada kuma ka saki. Ka riƙa jawowa a hankali, zaren a miƙe, har sai ka ga cikinsa a kan yashi."

Na farko ya kuɓuce mini, don na fizga. Na biyu kurungu ne, yana fitowa yana wannan gurnani nasa, ƙayoyinsa a miƙe. Na kai hannu, Baba ya buge mini shi, ya nuna mini yadda ake kamawa ta bayan ƙayoyin gefe. Ya ce sukar kurungu tana hana mutum barci.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni. Ya ɗauki gorar roba ta ruwan sha, ya yanke wuyanta, ya juya shi ciki kamar mazurari, ya huhhuda jikinta da ƙusa mai zafi. Ya zuba ɗan garin kwaki da tsakuwa a ciki, ya nutsar a ruwa mara zurfi. Ƙananan kifaye suka riƙa shiga, hanyar fita ta ɓace musu. Su ya soka a ƙugiyoyi da magariba, ya ɗaura a doguwar igiyar jirgi, ya kafe ta da turke a bakin ciyawa, irin yadda masunta suke kafa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa. Ya ce tarwaɗa da dare take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci.

Mun kwana a gindin wuta, sanyi na ratsa ƙashi. Da asuba, bayan mun yi salla a kan yashi, na bi shi duba igiya. Tarwaɗa biyu, ɗaya ta kai tsawon kamu biyu, tana ta bugun ruwa da wutsiya. Hajiya ce ta gyara su, aka tsire a kara aka gasa, mai albasa ya kwance buhu ya ba da guda biyar, aka daka ƙuli-ƙuli aka barbaɗa. Ban taɓa cin kifin da ya kai wannan ba, kuma har yau in na tuna yaran nan suna lasar yatsa sai na ji ƙwalla ta taru mini.

Da rana ta ɗaga muka ji ƙarar inji daga cikin hazo. Kafin mu shiga jirgi na ciro kuɗi na miƙa wa Baba da hannu biyu, ya girgiza kai. Ƙugiya ɗaya ya zare daga zaren, ya soka ta a gutsuren silifas don kada ta huda mini aljihu, ya ba ni.

"Zoben makullinka ne, ɗana. Riƙe abinka."