Tambayar farko da nake yi wa mai neman aiki a kamfaninmu

Kamfaninmu ƙarami ne, manhajoji muke rubuta wa masu shaguna da makarantu, na lissafin kaya, na rajistar ɗalibai, irin waɗannan dai. Yaro zai zo neman aiki yana cewa ya iya React, wani kayan aikin rubuta manhaja, ya iya kaza, ni kuwa tambayata ɗaya ce, lambar waya a wane irin data za ka ajiye ta? Yawanci sai su ce intija, wato cikakkiyar lamba mara ɗigo, ai lamba ce. To a nan ake yin ta. Ka zuba lambar da ta fara da sifili a intija sifilin nan ya tafi kenan, alamar + ma ba ta da wurin zama, kuma wai wa ya taɓa tara lambar wayarsa da ta wani? Sitirin ce, rubutu ne da ya yi kama da lamba.

Shi bariyabul ba wani abin tsoro ba ne, mazubi ne ka manna masa suna ka zuba abu a ciki. Rigimar tana wajen sanin me ka zuba.

Kuɗi su suka fi ba mu ciwon kai wallahi. Sabon shiga yana ganin ɗigo a farashi zai ruga ya ɗauko fulot, wato irin datan lamba mai ɗigo, alhali in ka buɗe Python, wani yaren rubuta manhaja, ka rubuta 0.1 + 0.2 abin da zai fito maka 0.30000000000000004 ne, saboda da sifili da ɗaya kwamfuta take ƙirga kuma 0.1 ba ya zama cif a wannan tsarin. A rasit ɗaya ba wanda zai lura, amma bari a tara cinikin wata guda, lissafi ya ƙi haɗuwa, mai shago ya kira ka da dare yana zargin yaran shagonsa da ba su ji ba ba su gani ba. Shi ya sa dokarmu ce, kuɗi sai Decimal, irin datan da yake riƙe lamba mai ɗigo cif yadda aka rubuta ta, ko intija a mafi ƙanƙantar ƙwayar kuɗin.

Yaren JavaScript kuma nasa salon daban, "5" + 3 zai ba ka "53" ko a jikinsa, sannan "5" - 3 ya ba ka 2. Gashi abin da kwastoma ya cike a fom a matsayin rubutu yake isowa, sai ka juya shi da kanka. Python gara shi, kuskure zai watso maka ya tsaya cak, ni na fi son haka.

Manya ma ba su tsira ba fa, rokar Ariane 5 ta tarwatse a 1996 jim kaɗan da tashinta saboda an cusa lamba mai bit 64 a wurin da bit 16 kawai yake ɗauka, shi bit kuwa gurbi ne guda na sifili ko ɗaya.

Satin farko a wurinmu sabon ma'aikaci ba ya taɓa aikin kwastoma, tsohon fom ɗin rajista muke miƙa masa, ya bi gurbi gurbi ya rubuta irin datan kowanne da dalilinsa, sannan ya raɗa wa kowane bariyabul sunan da wani zai gane, ba x ko data2 ba.