Yadda Na Ɗaura Sandar Tuta A Babur, Da Abin Da Babban Titi Ya Koya Mini

Karon farko da na ɗaura tuta a bayan babur ɗina ban ɗauki aikin da wani muhimmanci ba, domin a ganina ƙyalle ne da 'yar sanda waɗanda nauyinsu bai kai na gorar ruwa ba. Ƙungiyarmu ta mahaya babura ce ta shirya doguwar tafiya, aka ba kowa tutar ƙungiya mai faɗin santimita 30 da tsawon santimita 45. Na samo siririn bututun alminiyam mai tsawon mita ɗaya, na jingina shi da ƙarfen da ke riƙe da lambar babur, na naɗe shi da waya, na bi da roba na ɗaure tamau. Da na kama sandar na jijjiga ban ga ta motsa ba, sai na ɗauka aiki ya kammala.

A cikin gari tutar ba ta ba ni matsala ba. Amma da muka hau babban titi, gudu ya kai kilomita 100 a awa ɗaya, sai na fara jin wata ƙara a bayana kamar ana kaɗa bulala, ƙarar da har cikin hular kwano take shigowa. Mun yi tafiyar kusan minti arba'in a haka, sai kwatsam ƙarar ta ɗauke. Na ɗaga ido na dubi madubi, na hango sandar tana tsalle a kan kwalta, motar da ke bayana kuma ta taka burki ta kauce gefe da ƙyar. Da muka tsaya na ga akwai yara biyu a kujerar baya ta motar. Direban bai yi mini faɗa ba, ya dai miƙo mini sandar da ta lanƙwashe ya ce, "Malam, a riƙa kula." Har yau idan na tuna fuskokin yaran nan a jikin gilashi sai gabana ya faɗi.

Da na durƙusa na duba wurin ɗaurin, sai na tarar ba wayar ce ta tsinke ba. Ƙarfen lambar ne ya tsage, tsagar ta faro daga bakin ramin noti ta ratsa har gefe, lambar tana reto a kan noti ɗaya, sandar kuma ta zame daga cikin wayar da ta saki. Jijjigawar da na yi da hannu a gida ba ta gwada komai ba, saboda abin da ke aiki a kan tuta a titi iska ce. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka sau biyu, turin iskar sau huɗu yake ninkawa, don haka tutar da ta zauna lafiya a gudun kilomita 50 tana shan ninki huɗu na wannan turin a gudun kilomita 100. Sannan turin a can saman sanda yake sauka, duk tsawon da sandar ta ƙara kuwa ƙarin ƙarfin banƙara ne a gindinta, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajeruwa ta kasa. Abu na uku, wanda shi ne ya fi ɓarna, shi ne kaɗawar tutar. Kowace kaɗawa fizga ce, kuma fizga dubbai a jere tana gajiyar da ƙarfe kamar yadda ake karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya. Siririn ƙarfen da aka ƙera don ya riƙe lamba kawai ba zai jure wannan ba.

Bayan mun dawo na je wurin wani dattijo mai walda da ya daɗe yana aikin babura, na nuna masa ƙarfen da ya tsage, na ce, "Baba, so nake ka like mini bututu a jikin babur ɗin kai tsaye, kowa ya huta." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ba na sa wuta a jikin firam, kuma ba na huda shi. Abin da ke ɗauke da ranka ba a taɓa shi saboda tuta." Haka kuma ya hana ni amfani da notin shokazoba da na gindin taya, waɗanda wasu ke kwancewa su saƙala ƙarfen tuta saboda sun ga suna da kauri. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin waɗannan notuna akwai iyakar ɗaurin da masu ƙera babur suka ƙayyade musu, cusa wani ƙarfe a tsakani kuwa yana iya sa su saki.

Wurin da muka zaɓa shi ne kariyar baya, wadda ke ɗaure da jikin babur ta wuri huɗu kuma an yi ta ne don ɗaukar kaya. Ya yanko farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya like masa bututun ƙarfe mai tsawon santimita 15 a kan teburin aikinsa, nesa da babur ɗin, ya ɗan karkatar da bututun baya yadda sandar za ta bi iska maimakon ta tsaya tana ja da ita. Farantin kuma muka ɗaure shi a kariya da ƙarafa biyu masu siffar harafin U, da tazarar kusan santimita 12 a tsakaninsu. Wannan tazarar ita ce sirrin aikin, domin ɗauri ɗaya komai ƙarfinsa sanda za ta iya juyawa a kansa, amma ɗauri biyu masu nisa da juna kowanne yana tare wa ɗan'uwansa. A tsakanin ƙarfe da ƙarfe muka shimfiɗa yankin tsohon tiyub don ya shanye girgiza ya kuma kare fenti. Notunan duka masu zoben roba a ciki ne, irin waɗanda girgiza ba ta kwance su da sauƙi, muka kuma ɗiga musu shuɗin gam na Loctite, wanda yake riƙe zaren noti amma sifana tana iya kwance shi idan buƙata ta taso. Jan gam ɗin kamfanin ya fi ƙarfi, amma sai an gasa shi da wuta kafin ya saki, don haka bai dace da abin da za a riƙa cirewa ba.

Sandar ma na canza ta. Na bar alminiyam na koma sandar fayiba, wadda take lanƙwasawa ta dawo daidai, na kuma rage tsawonta zuwa santimita 60. Ba mu huda fayibar ba saboda rami yana raunana ta. Wani gajeren bututun ƙarfe muka manna a gindinta da gam mai haɗi biyu, shi muka huda a ƙasa da inda fayibar ta ƙare, muka ratsa noti ta cikinsa da cikin bututun farantin. A samanta na sa ƙwallon roba, domin tsinin sanda a kusa da kan wanda aka goya ba abin wasa ba ne.

Akwai wani ƙari da na dage a kansa ko da yake dattijon ya ce ɗaurin ya wadatar. Na samo tsohuwar wayar burki na ɗaure gindin sandar da kariya, na gajarta ta yadda ko komai ya karye sandar za ta tsaya tana reto a sama, ba za ta kai ƙasa ba kuma ba za ta kai ga taya ba. Wannan wayar saboda na bayana na sa ta.

Ita kanta tutar, na kai wa tela ya yi mata aljihu a gefe ɗaya inda sanda za ta shiga tun daga ƙasa har sama, maimakon igiyoyi biyu da ke tara dukan fizgar a wuri biyu, ya kuma ninka bakin da ke kaɗawa ya bi shi da ɗinki biyu, tunda daga nan yagewa take farawa. Kafin in fita na gwada ta a mafi munin halinta: na jiƙa ta da ruwa, na sa abokina ya zauna a baya don babur ɗin ya nutsa, sannan na ja ƙyallen ta kowace fuska in ga inda bakinsa zai iya kaiwa. A gwajin farko ya taɓa salansa, wanda zafinsa ke narkar da irin wannan yadin nan take, dole muka matsar da farantin zuwa ɗaya gefen, muka sake tabbatar da cewa bai kai ga sarƙa ko taya ba. Na koma baya na tsaya inda direban mota zai kasance, na ga tutar ba ta rufe danja ko sigina ko lamba ba. Dokokin hanya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ya kamata kowa ya bincika na inda yake kafin ya ɗaura.

Gwajin titi a hankali na yi shi, daga gudun kilomita 40 zuwa 60 zuwa 80, ina tsayawa bayan kowane mataki ina taɓa notuna. Na ja layin farin fenti a kan kowane noti har zuwa jikin farantin, yadda da kallo ɗaya zan gane idan ya juya. A gudun kilomita 100 na lura ko wannan ƙaramar tutar tana ɗan jan bayan babur idan na zo wuce tirela, lokacin da iska ke bugowa ta gefe, abin da ya sa ba na goyon bayan hawa babban titi da manyan tutocin nan masu faɗin santimita 90 da tsawon santimita 150. Wurinsu jerin gwano ne, inda ake tafiya a hankali.

A tafiyar ƙungiya ta gaba, duk inda muka tsaya shan mai sai na zagaya baya na duba layukan fentin. A tsayawa ta biyu na tarar layi ɗaya ya ɗan goce, saboda robar da ke ƙarƙashin farantin ta matse ta zauna, na fito da sifana mai lamba 10 na ƙara ɗaure shi, daga nan bai sake motsi ba har muka dawo. Da hadari ya taso da yamma iska ta fara bugowa ta gefe, na tsaya a gefen hanya na naɗe tutar a jikin sandarta, na ɗaure ta da roba biyu, sannan na ci gaba da tafiya.