Ƙyauren da Baba bai ƙarasa ba

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, 'yan'uwana suka ɗora min rubuta tarihinsa, wai ni ne mai alƙalami a gidan. Na karɓa ina ganin aikin yini guda ne. Kwana uku ina gaban takarda, abin da na haɗa bai wuce layi biyar ba: manomi ne, kafinta ne, ba ya zaman banza, yana da zumunci. Wane uba ne ba za a faɗi haka a kansa ba? Kunya ta kama ni.

Sai na ajiye biro na shiga rumfar aikinsa, wadda ba wanda ya taka tun da ya kwanta ciwo. Zarto na rataye, gizago na kan benci, dutsen washi ya yi kwari a tsakiya saboda shekaru. Ƙotar gudumarsa ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama. Na ɗora nawa yatsan, bai cike gurbin ba. A jikin bango ga ƙyaure ya jingina, saura katako ɗaya ya cika. A gefe kuma tarin katako, an raba kowane biyu da 'yan sanduna, kowanne da zanen fensir a goshinsa.

Na ce ni zan ƙarasa shi. Na zaro katakon da ke saman tarin don shi ne kusa da hannu, na auna, na yanka, na buga ƙusa, na kafa ƙyauren a ɗakin Inna ina ta hura hanci. Wata biyu bai cika ba, tsaga ta buɗe har haske na shiga, katakon nawa ya murɗe kamar an matse shi.

Na je wurin tsohon yaron aikin Baba, wanda yanzu shi ma furfura ta fito masa. Ko tashi bai yi ba ya ce, "Ƙanena, na saman tari ka ɗauka ko?" Na ce e. Ya yi dariya. "Maigida daga ƙasa yake zara. Zanen nan da ka gani watan da aka tsaga iccen ne." Shi ya fahimtar da ni cewa katako mai kaurin inci 1 yana son kamar shekara guda yana shan iska a inuwa kafin a taɓa shi, kuma sandunan nan don iska ta ratsa ne. Ɗanyen katako ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a lura da shi, a faɗi yake tsukewa. Mai faɗin santimita 30 yana iya rage fiye da santimita 1. Shekara nawa ina wuce tarin nan, ban taɓa tambaya ba.

Daga ranar na canza salon tambaya. Da nakan ce wa mutane, wane irin mutum ne Baba? Amsa ɗaya ce, mutumin kirki ne. Da na koma cewa, me ya taɓa gyara maka, me kuka taɓa yin faɗa a kai, sai bakuna suka buɗe.

Wani maƙwabci ya nuna min yadda Baba ya fitar masa da kusurwar gini da igiya kawai: ya auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, ya yi ta matsar da turke har tsakaninsu ya zama 5. Ni a aji na haddace wannan da sunan ƙa'idar Faitagoras, na ci jarrabawa, na manta. Shi bai san sunan ba, amma ba a taɓa kawo masa ƙarar karkataccen bango ba.

Yayata ta tuna min da tsumman iri. Kafin shuka yakan ƙirga ƙwaya 100, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana bakwai ya kwance ya ƙirga waɗanda suka tsira. In sun yi kaɗan, ya ƙara yawan iri a rami ko ya nemi wani. Ni kuma na tuna ranar da na same shi a gona ya tuge wake guda yana duba saiwa. Na ce, "Baba, me kake nema?" Ya ce, "Zo ka gani." Ya fasa wani ɗan ƙullutu da farce, cikinsa ja-ja. "In ka ga haka, yana yi wa ƙasa aiki. Baɗi masara za ta ci." Sai da na girma na karanta cewa wasu ƙananan halittu ne a ciki, waɗanda ake kira bakteriya, suke jawo sinadarin naitirojin, abincin shuka, daga iska.

Ba yabo kaɗai na ji ba. Baba yana da zafin rai, musamman in ka ari gatarinsa ka dawo da shi da dakushi, sai ya yi sati bai amsa gaisuwarka da kyau ba. Masu ba shi aiki kuma sun sha jira, don in katako bai bushe ba, ko za ka kwana a ƙofarsa ba zai yanka ba. Ƙanena ya ce a cire wannan, ba a faɗin aibin mamaci. Na bar maganar jiran, na sassauta ta gatarin. Har yau ina ganin da na bar ta yadda take, don wanda ya san shi, a nan zai fi gane shi.

Ƙyauren kuwa na ɓalle katakon nawa, na zaro na ƙasan tari, tsohon yaron nasa na tsaye a kaina yana gyara min riƙon zarto. Da muka kafa, Inna ta zo ta tura shi, ta ja, ta sake turawa. Ta ce, "Ya yi. Amma yana ƙara. Na babanku ba ya ƙara."