Motar alfarma da wili mai inci 20: abin da ya same ni

Duk wanda ya tashi sayen babbar motar alfarma mai shan fetur, injin yake fara tambaya. Silinda huɗu ne ko shida, lita 2.0 ko 3.0? Daga nan sai kujerun fata, sai allon gaban direba, sai sautin rediyo. Ni ma ta nan na bi, kuma ta wannan fuskar ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah. Na duba waɗanda aka saba jerawa a wannan aji, irin su E-Class ta Mercedes, 5 Series ta BMW, A6 ta Audi, ES ta Lexus, da wasu da sunansu bai kai nasu fitowa ba. Na tuƙa, na gwada, na tsaya a kan wadda hankalina ya kwanta da ita. Ba zan faɗi wadda na ɗauka ba, domin abin da zan yi magana a kai ba na kamfani ɗaya ba ne, kusan duk ajin haka yake.

Abin da ya ci min kuɗi, ya kuma ci min rai, yana can ƙasa inda mota ke taɓa kwalta. Tawa ta zo da wani ƙunshin ƙarin kaya da ke ba ta kamannin motar tsere: wili (ƙarfen da ake ɗaura taya a kai) mai inci 20, shokzoba masu tauri, birki manya, sannan an ɗan rage mata tsayi daga ƙasa. Mai sayarwar ya zagaya da ni yana shafa wilin yana cewa, "Yallaɓai, ai wannan shi ne motar. Duk inda ka tsaya, shi za a fara kallo." Bai yi ƙarya ba, ana kallo. Amma bai ce da ni uffan ba game da abin da wannan wilin ke nufi ga wanda zai riƙa shiga gari da motar kullum, kuma har yau in na tuna shirun nan nasa raina yakan sosu.

Lissafin a rubuce yake a jikin kowace taya. Tawa ta gaba an rubuta mata 245/35 R20. Faɗinta ke nan milimita 245, tsayin gefenta kashi 35 cikin 100 na faɗin, wato wajen milimita 86. Ta baya 275/30 R20 ce, ta fi faɗi amma gefenta bai wuce milimita 83 ba. Irin motar nan in ta zo da wili mai inci 18, tayarta takan zama 245/45, gefenta milimita 110. Zagayen tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne a duka biyun, abin da aka yi kawai shi ne an ƙara ƙarfe an rage roba da iska. To robar nan da iskar nan su ne suke fara karɓar duka kafin ya kai ga shokzoba, kafin ya kai ga bayanka. Motar da nauyinta ya doshi tan biyu, aka ɗora ta a kan gefen taya da bai wuce tsawon yatsan hannu da yawa ba, ita ce za ta faɗa rami wata rana.

Tawa ta faɗa da daddare, ana yayyafi, a kan hanyar da nake bi kullum. Ruwa ya cika ramin ya shafe bakinsa, ban kuma fi gudun kilomita 50 ba. Ƙarar da na ji ba ta taya ba ce, ƙarfe ne ya haɗu da bakin kwalta, har sitiyari ya fizge a hannuna. Kafin in kai fitilar kan hanya ta gaba, alamar iskar taya ta kama a allo. Na gangara gefe, na buɗe but, na ɗaga shimfiɗar ƙasansa, babu tayar ko-ta-kwana, babu jak, ko gurbin da za a saka su babu. Tayoyin irin waɗanda ake kira ranfilat ne, masu ƙaƙƙarfan gefe da ke iya ɗaukar mota ko iska ta fice, yawanci har kilomita 80 in ba a wuce gudun kilomita 80 a awa ba. Sun kai ni gida kuwa, wannan ba zan hana su yabonsa ba.

Da safe mai faci ya ciro tayar ya kira ni in gani da idona. Gefen ya kumbura ya tsage daga ciki, zaren ya fito fari. Sai ya juya wilin, ya kama hannuna ya ɗora a kan leɓen ciki, ɓangaren da ba a gani in taya tana jikin mota, na ji inda ya lanƙwashe. "Maigida, wannan ba aikin faci ba ne," in ji shi. Gaskiya ya faɗa. Duk tayar da gefenta ya samu rauni ba ta gyaruwa, ko wace iri ce, ita kuwa ranfilat in an riga an yi tafiya da ita babu iska, yawancin masu ƙera ta ba sa yarda a lika ta ko da ƙusa ce kawai ta huda ta, don ba a san abin da tafiyar ta yi wa cikinta ba.

Daga nan abubuwa suka fara bin juna. Girman tayar ba kowane mai sayar da taya ke ajiye shi ba, sai an aiko da ita, motar tana zaune. Da ta zo, aka auna ta ɗayan gefen aka ga ta ɗan ci, ba a son a haɗa sabuwa fil da wadda ta ci a layi ɗaya, sai na sayi biyu. Wili sabo, sai alaimen, sai balansin. Na koma wurin da na sayi motar da takardar garanti a hannu, aka karɓe ni da fara'a, aka zaunar da ni, aka nuna min cewa garanti bai shafi taya ba, bai shafi ɓarnar rami ba. Haka yake a rubuce, ban musa ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne mutumin da ya shafa wilin nan yana yabo shi ne yanzu yake ce min ai kowa ya san inci 20 ba ya son rami.

Ga kuma wani abu da sai daga baya ya bayyana. Tunda tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a iya musanya su, a kai na gaba baya a dawo da na baya gaba, kamar yadda ake yi wa sauran motoci don su ci daidai. Motar kuma da ƙafafun baya take ja, saboda haka na bayan, waɗanda suka fi tsada, su ne suke fara ƙarewa, na gaba suna nan da sauransu.

Kada wani ya ɗauka na tsani motar. A babbar hanya ban taɓa tuƙa abin da ya kama ƙafarta ba. Kana gudun kilomita 120, injin da ƙyar yake kai juyi 2,000 a minti, giya ta hau ta ƙarshe ta yi shiru, ka yi hira da na kujerar baya ba tare da ɗaga murya ba. In za ka wuce babbar mota, ɗan taɓa totur ya isa. Ka yi tafiyar awowi ka sauka ba ciwon baya, ba gajiyar kafaɗa. A can ne ma take shan mai da hankali, har yakan yi kusa da abin da aka rubuta a takarda. A cikin gari labarin daban ne. Cikin cunkoso, ana tsayawa ana tashi, na'urar sanyaya ciki tana aiki, abin da take sha kan kai ninki ɗaya da rabi na abin da take sha a hanya, wani lokacin ya wuce. Wannan bai ba ni mamaki ba, nauyin nan sai an biya kuɗin tayar da shi daga tsaye kowane lokaci.

Akwai ƙananan abubuwa da zaman gari ke jawo wa irin wannan injin mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi), waɗanda makanikena ya ja min kunne a kansu tun da wuri. Gajeriyar tafiya da ba ta bari injin ya yi zafi sosai tana sa fetur da danshi su taru a cikin baƙin mai, don haka nake sauya shi kafin lokacin da allo ke nunawa. Motar kuma tana son fetur mai lambar oktan 95 ko sama, wato ma'aunin juriyarsa ga matsin inji, an rubuta a cikin murfin tanki. In aka ba ta wanda bai kai ba, kwamfutarta takan ja da baya don kare injin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Batirinta ma na musamman ne saboda tsarin nan da ke kashe injin a tsaye ya tayar da shi in an saki birki, kuma in an sauya shi sai an sanar da kwamfutar motar. Duk waɗannan na shirya musu, na sa su a lissafi. Taya ce ban ga zuwanta ba.

Ba a daɗe ba wani kumburin ya sake fitowa a tayar baya, ban ma san inda na same shi ba. Nan na yanke shawarar sauka zuwa inci 18. Na duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, inda kamfani ke jera girman tayoyin da motar ta yarda da su da iskar da za a ba kowacce, na ga 18 yana ciki. Aka kawo wili aka gwada, ya ƙi shiga. Manyan birkin da suka zo cikin ƙunshin nan sun cika wurin, wilin yana gogar su. Wato ƙunshin da ya jawo min matsalar shi ne kuma ya rufe min hanyar fita daga cikinta. Dole na tsaya a inci 19, taya 245/40 a duka ƙafafun huɗu, gefenta milimita 98. Ƙarin milimita 12 ne kacal a gaba, amma wallahi tun a kan tudun rage gudu na farko na ji bambanci. Motar ta daina buga min ƙashin baya, ƙananan ƙararrakin da ke fitowa daga cikin ƙofofi suka yi sauƙi, yanzu kuma ana iya musanya tayoyin. Da tun farko mai inci 18 da birkin da aka saba na ɗauka, da ban san wannan wahalar ba, kuma gudun da doka ta yarda a yi a hanya bai kai inda za a ce manyan birkin sun yi min wani amfani ba.

Na kuma bar ranfilat na koma taya ta yau da kullum, wadda ta fi laushi, ta fi sauƙin samu, ana kuma iya lika ta in ƙusa ta huda tsakiyarta. Wannan yana da nasa farashin. Sai da na sayi siririyar tayar ko-ta-kwana, irin wadda ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, da jak da sifana, suna nan kwance a but sun cinye wurin akwati guda. In iyali za su yi tafiya da kaya sai an yi dabara. Duk da haka na fi samun natsuwa in ina tsakiyar doguwar hanya da dare, nesa da gari fiye da kilomita 80 ɗin da ranfilat ta yi alkawari. Wanda zai yi irin wannan sauyi ya kula da lambar nauyi da harafin gudu da ke bayan girman tayar, kada su gaza abin da ke takardar ƙofa. Harafin V na nufin kilomita 240 a awa, W 270, Y 300.

Yanzu in aboki ya ce min zai je gwada irin motar nan, abu ɗaya nake nanata masa. Kada ya bi hanyar da mai sayarwa ya zaɓa, don mai santsi zai zaɓa. Ya ɗauke ta ya bi hanyar da yake bi zuwa aiki, da facin kwaltarta da tudun rage gudunta, ya kashe rediyo ya saurara, sannan ya ba wani sitiyari ya koma kujerar baya. Ya tabbata kuma wilin da ke jikin motar gwajin shi ne girman wanda za a ba shi, domin mota ɗaya a kan inci 18 da inci 20 ba tafiya ɗaya take yi ba. Kafin ya sa hannu a takarda ya kira mai sayar da taya ya karanta masa lambobin, ya ji kuɗin guda huɗu da kwanakin da za a yi kafin a kawo su, ya tambayi kamfanin inshorarsa ko suna biyan ɓarnar taya da wili.

In kuwa wadda aka yi amfani da ita zai saya, ya sa a ɗaga ta sama, ya bi leɓen cikin kowane wili da tafin hannu, ya nemi lanƙwasa ko alamar walda. Ya karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2321 na nufin mako na 23 na 2021. In ya ga taya huɗu da shekaru mabambanta da kamfanoni mabambanta a mota ɗaya, to mai ita ya sha faɗawa rami yana sayen ɗai-ɗai, sai a duba shokzoba da hannuwan ƙafar gaba da kyau kafin a fara maganar ciniki.