Abin da Fatar Akuya ta Sanar da Ni Game da Kaina

Shagonmu na dukanci yana cikin birnin Kano, ba nisa da Kasuwar Kurmi, kuma mu bakwai ne muke aiki a cikinsa, wato ni da ƙanena da yara biyar masu koyo. Muna ɗinka gafakar Alƙur'ani da tumtum da jakunkunan mata da takalma da kuben wuƙa da na takobi, idan sallah ta ƙarato kuwa aikin kayan doki yakan danne komai, domin babu mahayin da zai yarda ya fito Hawan Daushe da linzamin da ya koɗe. Masu zuwa sayayya da yawa sukan ɗauka a cikin wannan sana'a na buɗi ido, tunda gidanmu gidan dukawa ne tun kaka da kakanni. Alhali kuwa sai da na shekara ashirin da huɗu a duniya kafin na riƙe basilla da niyyar aiki, kuma yadda na iso nan shi ne dalilin da ya sa har yau ba na korar matashin da ya zo mini bai san inda ya sa gaba ba.

Da na gama sakandare burina jami'a, na zauna jarrabawar JAMB sau biyu ban samu shiga ba. Daga nan na zama yaron shago a Kantin Kwari, na bari, na koma sayar da kayan waya a Farm Centre, nan ma na bari, na karɓi babur na shiga acaɓa. Duk inda na baro ina da wanda zan ɗora wa laifi, ko maigida ya cika faɗa, ko kasuwa ta mutu, ko abokan aiki ba sa ƙaunata. Dukanci kuwa ko a mafarki ban sa shi cikin lissafi ba, don a wurina aikin tsofaffi ne mai warin jima, kuma kunya nake ji abokaina su gan ni zaune a tabarma da fata a cinya. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, na wayi gari ba ni da abin yi sai zaman majalisa da shan shayi, ina ta ba wa kaina haƙuri da cewa ƙaddara ce ta hana ni ci gaba.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne ya same ni wata rana bayan la'asar a ƙofar gida. Bai yi mini faɗa ba, ya dai zauna a gefena ya ce, "Ɗana, a shekara huɗu ka yi sana'a uku. Wacce ce a cikinsu za ka iya koya wa wani?" Na buɗe baki zan kawo uzuri, sai na ga ba ni da amsa, domin babu ko ɗaya da na zauna a kanta har na san cikinta. Ya ce, "To, gobe ka zo rumfa. Ba zan biya ka ba, amma za ka ci abincin rana." Na ce, "To, Baffa," ba don ina so ba, sai don ba a yi wa irinsa musu.

Wata uku ban taɓa wuƙa ba. Shara nake yi, da ɗauko ruwa, da raka shi majema, kuma a can ne na fara fahimtar cewa fatar da nake rainawa ta sha hanya mai tsawo kafin ta iso hannun baduku. Majemi yakan jiƙa ɗanyar fata a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta, ya wanke, sannan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa da aka daka, yana juyawa yana murzawa kwana da kwanaki har jimar ta ratsa ta ciki da bai. Bayan ta sha iska a shafe ta da mai domin ta yi laushi, sannan a zo ga rini: karan dafi shi ke ba da jan nan mai zurfi, gangamau ya ba da rawaya, kuloko kuma ya ba da baƙi. Baffa yakan ɗaga fata sama ya haska ta da rana, ya shanshana, ya naɗe gefenta a yatsa ya saki, sannan ya miƙo mini ya ce in faɗa masa abin da na gani. Makonni ina cewa fata ce kawai. Sannu a hankali idona ya fara rabe wadda jima ta ratsa da wadda aka yi wa gaggawa, wadda cikinta ya saura fari-fari, wadda in ta sha damina ɗaya za ta ƙandare ta tsage.

Ranar da ya fara ba ni fata in yanka ba za ta fita daga raina ba. Jar fatar akuya ce mai kyau, ya ce in fitar da fuskar gafaka da maratayinta. Murna ta ɗebe ni, na shimfiɗa ta, na ɗora ma'auni, na zarga wuƙa, kafin ya dawo daga sallar azahar na gama. Ya ɗauki maratayin ya ja shi da hannu biyu, sai ga shi yana miƙewa kamar danƙo, domin daga wajen ciki na yanko shi, inda fata take da taushi, na bar gadon baya mai ƙarfi na ɓata shi a ƙananan guntaye. Ya daɗe yana kallon fatar, sannan ya ce, "Ka ga halinka a nan. Tun ba ka fara abu ba hankalinka yana wajen gamawa, shi ya sa ba ka tsayawa ka dubi abin da ke gabanka." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, har na yi niyyar kada in dawo. Amma da dare ina kwance sai na riƙa jero wuraren da na baro ɗaya bayan ɗaya, na ga babu inda maganar Baffa ba ta hau ba. A Kantin Kwari ina son in zama mai shago tun ban san bambancin shadda da shadda ba, a Farm Centre ma haka, kuma duk lokacin da abu ya ƙi zuwa da wuri sai in tattara in bar shi. A karon farko na rasa wanda zan ɗora wa laifi, tunda ni na riƙe wuƙar. Washegari na koma rumfa, ya sa na ɗinka ƙananan zabira da guntayen da na ɓata, har sai da aka sayar da su aka mai da kuɗin fatar.

Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne, a cikin aikin nan na gano wani hali nawa mai kyau da ban taɓa sanin ina da shi ba. Ni da ba na iya zaman minti goma ina ciniki da mutum ba tare da raina ya ɓaci ba, sai ga ni ina wuni guda a kan adon tumtum, ina huda da basilla ina zura siririyar fata, rami bayan rami, ban san rana ta faɗi ba. Ashe haƙurina yana ga hannuna, ƙarancinsa kuma yana ga bakina, na kuwa ɓata shekara huɗu ina neman abinci a sana'o'in da baki ne jarinsu. Shi ya sa da na buɗe nawa shagon na ɗora ƙanena a kan ciniki, domin shi Allah ya ba shi sanyin magana, ni kuma na tsaya a kan yanka da ɗinki.

Ina alfahari da kayan da muke fitarwa, kuma ba na ɓoyewa. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi tana cikin fatun da duniya ta san da su, kuma ita ce fatar da fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Kasuwar Kurmi da muke maƙwabtaka da ita tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake hada-hada a cikinta. A shagonmu ba ma liƙa abin da ya kamata a ɗinka, ba ma sa kwali a ƙasan takalmi a rufe shi da fata, ƙilabo muke sawa, wato jemammiyar fatar shanu, kuma duk maratayin jaka daga gadon baya muke yanko shi. Gafakar da na ɗinka wa wani malamin allo shekara tara da suka wuce, bara ya kawo ta a sake mata maɓalli kawai, fatar ta ƙara duhu da sheƙi saboda hannu.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan roba da suka cika kasuwa, waɗanda ake shigowa da su daga waje, an buga musu zane irin namu da inji, ana sayar wa mutane da sunan fata. Kwanakin baya wata Hajiya ta zo da irin wannan jaka a hannu, ta ɗauki tamu ta tambayi kuɗi, da ƙanena ya faɗa mata sai ta ce, "Haba Malam, ga irinta nan sak na saya a kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi." Na taso na ce, "Hajiya, don Allah ara mini taki." Na buɗe bakin ɗinkin na nuna mata yadi fari a ƙarƙashin fentin, na nuna mata inda ta fara ɓarewa a wajen marataya, sannan na ɗiga ruwa a kan tamu ya shige a hankali, na ɗiga a kan tata ya gangare. Na ce ta shanshana duka biyun. Ta yi shiru, ta ce ita wallahi ba ta sani ba. Ban ga laifinta ba, laifin yana kan wanda ya san roba ce ya rantse mata cewa fata ce. Araha ba ta ado, amma kafin mai saye ya gane haka mu an riga an karya mana kasuwa, kuma an sa yaran da suke koyo suna tambayar kansu ko wahalar da suke sha tana da amfani.

Samun fatar kirki ma ya zama aiki. Manyan kamfanonin jima da ke Challawa da Sharaɗa sukan kwashe zaɓaɓɓun fatu su fitar da su ƙasashen Turai, fatar shanu kuma da yawa a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda. Abin da ya rage mana sai mun tsaya da ido. Wani dillali da na daɗe ina hulɗa da shi ya taɓa kawo mini ɗauri guda bayan Babbar Sallah, na sama masu kyau, na ciki kuwa duk wuƙar masu fiɗa ta huda su, wasu kuma ba a sa musu gishiri da wuri ba har sun fara ruɓewa kafin a jeme su. Tun daga ranar ba na karɓar fata a ɗaure, ɗai-ɗai nake ɗagawa ina haskawa da rana kamar yadda na ga Baffa yana yi, Allah ya jiƙansa da rahama.

Yaran da suke zuwa koyo yawancinsu irina ne a da: sun gama makaranta ko sun bari, sun taɓa wannan sun taɓa wancan, iyaye sun gaji sun kawo su. Ba na tambayarsu abin da suke so su zama, domin na san amsar da za su bayar ta abin da suka gani a waya ce. Aiki nake ba su kala-kala, in koma gefe ina lura da inda yaro yake manta kansa. Akwai wanda ɗinkinsa bai taɓa miƙewa ba duk da ƙoƙarinsa, amma in muka je majema kafin in ɗaga fata ya riga ya faɗa mini aibinta, yanzu shi ne mai sayo mana fata, har wasu dukawan suna aikensa. Akwai wanda ya shekara guda tare da mu, na lura duk lokacin da aka kawo keken ɗinkinmu gyara shi ne a gindin mai gyaran yana tambaya, sai na kira mahaifinsa na ce masa, "Alhaji, yaron nan ba baduku ba ne, kai shi wajen masu gyaran inji." Mahaifin bai ji daɗi ba a lokacin, yana ganin kamar korarsa na yi, amma yau yaron ne yake gyara mana kekunanmu, kuma ba ya karɓar kuɗina sai na matsa masa. Akwai kuma waɗanda suka tafi ba sallama tun a watan farko, da suka ga mai sayar da jakar roba yana samun a rana abin da ba su samu a mako ba, kuma waɗannan suna damuna fiye da yadda nake nunawa.

Na baya-bayan nan da aka kawo mini ɗan shekara goma sha tara ne, mai yawan shiru, wanda mahaifiyarsa ta ce ya daina fita ko'ina tun da sakamakon jarrabawarsa ya fito. Watansa uku ke nan yana shara yana raka ni majema, kuma a makon jiya na gan shi ya ɗauki wani guntun fata da aka yar, yana ja ta tsaye yana ja ta kwance, yana gwada inda take miƙewa, ba tare da kowa ya sa shi ba. Na riga na ware masa jar fatar akuya guda daga cikin waɗanda na zaɓo da hannuna, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan ba shi wuƙa ya fitar da fuskar gafaka da maratayinta, ni kuma in tafi masallaci in bar shi da ita.